Lokacin Toho a Ƙasashen Sanyi: Alamominsa na Farko da Haɗarin Makararren Sanyi a Lambu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin alamomin da masu lambu a ƙasashen sanyi suke gane ƙarewar hunturu da su, da dalilin da ya sa alamomin ba sa tabbatar da cewa sanyi ya wuce. An nuna cewa toho amsa ce ga ɗumin da ya gabata, don haka ba ya faɗar komai game da daren gobe.

Fitilun Kalmomi: toho, makararren sanyi, raɓa, lambu, bazara

1.0 Gabatarwa

A Turai da Arewacin Amurka da Japan, akwai wani lokaci tsakanin Maris da Mayu wanda yake biyo bayan hunturu, inda itatuwan da suka zubar da ganye suke farfaɗowa. Masu fassara sun saba kiransa “bazara”, alhali bazarar Bahaushe lokaci ne na tsananin zafi kafin faɗuwar damina. Mai karatun da ya ci karo da “sanyi ya kashe furanni da bazara” yana iya ɗaukar maganar a matsayin kuskure. Saboda haka aka zaɓi “lokacin toho” a wannan maƙala, sannan “makararren sanyi” yana nufin daren da awon zafi ya sauka ƙasa da sifili bayan tsirrai sun riga sun farka.

2.0 Alamomin Farko

Bibiyar waɗannan alamomi tsohuwar al'ada ce. A shekarar 1736 Robert Marsham ya fara rubuta alamomi 27 a gonarsa da ke Norfolk a Ingila, zuri'arsa kuma ta ci gaba da aikin har 1958. Daga cikinsu akwai buɗewar wani ɗan farin fure mai ɓullowa tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, da fitar ganyen itatuwa, da kukan kwaɗi, da dawowar tsattsewa daga Afirka. A birnin Kiyoto na Japan, bayanan ranar cikar furen itacen ceri sun faro tun shekarar 812. A 2021 furen ya cika ranar 26 ga Maris, wadda a lokacin babu ranar da ta riga ta a tsawon waɗancan bayanai.

3.0 Yadda Itace Yake Farkawa

Itacen ƙasashen sanyi yana shiga barci da kaka, kuma ba ya farkawa sai ya cika sharaɗi biyu a jere. Na farko, sai ya tara awannin sanyi tsakanin digiri 0 da 7 a ma'aunin Selsiyas; nau'o'in tuffa da dama suna buƙatar awanni 800 zuwa 1,000 ko fiye. Wannan shi ke hana shi ruɗuwa da 'yan kwanakin ɗumi a farkon hunturu. Na biyu, bayan ya cika wancan adadi, sai ya fara tara ɗumi. Daga nan babu sauran kariya, domin mako biyu na ɗumi a Maris sun isa su sa toho ya kumbura ya fashe.

Juriyar sanyi tana raguwa da kowane mataki. Tohon tuffa da ke barci yana iya jure digiri 25 ƙasa da sifili, saboda ruwan jikinsa kaɗan ne. Idan fure ya buɗe kuwa, rabin awa a kan digiri 2 ƙasa da sifili kan kashe kusan kashi 10 cikin 100 na furanni, digiri 4 kuma kan kashe kusan kashi 90. Ƙanƙarar da ta haɗu tsakanin ƙwayoyin halittar furen tana zuƙe musu ruwa, sai tsakiyarsa ta yi baƙi. Itacen yana nan da rai, amma 'ya'yan shekarar sun tafi.

4.0 Nau'o'in Makararren Sanyi

Nau'i na farko yana aukuwa a daren da sama ta washe, iska kuma ta kwanta. Ƙasa tana sakin zafin da ta sha da rana, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, ta gangara ta kwanta a kwari kamar ruwa, raɓa ta daskare a kan ganye gab da fitowar rana. Shi ya sa lambun kwari kan lalace, na gefen tudu ya tsira. Nau'i na biyu yana zuwa ne da iska mai tsananin sanyi daga arewa, wadda ba ta bambanta tudu da kwari.

Manoman Turai sun daɗe da sanin wannan haɗari. A Faransa ana kiran ranakun 11 da 12 da 13 ga Mayu da sunan “waliyyan ƙanƙara”, Jamusawa kuma suna ƙara 14 da 15, kuma al'ada ta hana dasa tumatir a fili kafin su wuce.

5.0 Misalai Biyu na Asara

A Maris na 2012, zafi irin na tsakiyar shekara ya sauka a jihar Mishigan ta Amurka, itatuwa suka yi fure makonni kafin lokacinsu. Da sanyi ya dawo a Afrilu, jihar ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na ceri mai tsami. Haka aka yi a Faransa a 2021: ɗumin ƙarshen Maris ya fito da tohon inabi, sannan dararen 6 zuwa 8 ga Afrilu suka babbake shi. Binciken ƙungiyar World Weather Attribution ya nuna cewa ɗumamar yanayi ta ƙara yiwuwar irin wannan ɓarna da kusan kashi 60 cikin 100. Ko da yake dararen sanyi sun ɗan yi sauƙi, toho yana gaggautowa fiye da yadda sanyin yake janyewa, sai tsawon kwanakin haɗari ya ƙaru.

6.0 Hanyoyin Kariya

Mai ƙaramin lambu yana lulluɓe shuka da mayafi tun da yamma don riƙe zafin ƙasa, yana kuma jinkirta dashe. Masu gonakin inabi, kamar na Chablis, suna kunna manyan kyandirori tsakanin kunyoyi, ko su kafa fankoki masu janyo iska mai ɗumi daga sama zuwa ƙasa. Wasu suna yayyafa ruwa dare duka, domin kowane giram na ruwa yana sakin zafi kimanin kalori 80 yayin daskarewa, abin da ke riƙe toho kusa da sifili muddin yayyafin bai tsaya ba. Jinkirta sassabe rassan inabi shi ma yana jinkirta toho. Kyandir da fanka suna aiki ne a kan nau'i na farko; idan iska na kaɗawa, amfaninsu kaɗan ne.

7.0 Kammalawa

Manomin gero a Katsina ko Maraɗi ya san makamanciyar wannan matsala. Ruwan farko kan sauka, a yi shuka, tsiro ya fito, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, a koma neman iri. A can sanyi ne ke kisa, a nan fari, amma a duka biyun alamar farko ce take fito da tsiro kafin yanayi ya zauna. Karin maganar da ke cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta ba ta aiki a nan. Mai fassara da ya kwatanta makararren sanyi da ɗaukewar ruwa bayan shuka zai fi isar da ma'ana ga Bahaushe fiye da wanda ya tsaya a kan kalmar “bazara” kaɗai.