Dalilin da ya sa hayaƙi ke maƙalewa a birnin Meksiko

Birnin Meksiko, mai mutane fiye da miliyan 20 idan aka haɗa da kewayensa, yana cikin wani kwari da duwatsu suka yi wa ƙawanya, a tsayin kusan mita 2,240 daga teku. Duwatsun ne ke hana iska kwashe hayaƙin motoci da masana'antu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska mai sanyi kan kwanta a gindin kwarin cikin dare, mai ɗumi kuma ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya. Hayaƙin safiya sai ya taru daidai inda jama'a ke numfashi, har sai rana ta ɗaga.

Daga Maris zuwa Mayu kuwa, hasken rana mai ƙarfi kan mayar da hayaƙin iskar ozon, wadda ke tayar da asma da tari, musamman ga yara da tsofaffi. Ana samun sauƙi da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, saboda ruwan sama na wanke iskar.

Tun 1989 hukumomin birnin ke hana wasu motoci fita rana ɗaya a mako, gwargwadon lambarsu, domin rage hayaƙin.