Madubin Da Ke Leƙa Cikin Tantanin Ido

A gaban baƙin idon kowannenmu akwai wani tantani garau kamar gilashi, wanda likitoci ke kira koniya. Kaurinsa wajen rabin milimita ne kawai, kuma ba jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa haske ke ratsa shi. In ya yi gyambo ya warke da tabo, to, shi ne muke ce wa hakiya.

Yawancinmu a makarantar nan 'ya'yan manoma ne, mun kuwa san yadda ganyen dawa ko ƙaiƙayi kan soki ido da kaka. Ta wannan ɗan rauni ƙwayoyin cuta ke shiga. Wasu bakteriya ne, wasu kuma fangas, watau dangin funfunar da ke fitowa jikin burodi. Maganin wannan ba ya kashe wancan. Don a bambanta su, likita kan kankaro gyambon a kai ɗakin gwaji a rena ƙwayoyin. Fangas kuwa ba shi da hanzari, yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya tsiro, alhali ido na ta ci.

A nan ne madubin da ake kira kwanfokal ke da amfani. Wani Ba'amurke, Marvin Minsky, shi ya ƙago dabararsa a 1957. Akan tattara haske a ɗigo guda cikin tantanin, hasken da ya dawo kuma sai ya bi ta wata 'yar kafa mitsitsiya, wadda ke tare duk wanda ya fito daga sama ko ƙasan ɗigon. Da haka ake ɗaukar hoton tantanin hawa-hawa, kamar mai ɓare albasa, amma ba a yanka kome ba. Wannan shi ya fi ba ni mamaki.

Mara lafiya zama kawai zai yi. A ɗiga masa maganin kashe zafi, bakin na'urar ya taɓa idon a hankali, cikin 'yan mintoci hoto ya fito a kwamfuta. In fangas ne, sai a gan shi kamar fararen zaruruwa masu rassa, a soma maganinsa ran nan.

Sai dai bakteriya sun yi ƙanƙanta ƙwarai, madubin ba ya tantance su, don haka ba a daina kankara ba. Na'urar kuma tana da tsada, sai a manyan asibitocin ido ake samunta.