BABI NA HUƊU: HANYOYIN KYAUTATA RUBUTUN MAƘALA GA ƊALIBIN HAUSA

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan hanyoyin da ɗalibi zai bi domin ya kyautata rubutun maƙala, wato irin rubutun da akan ba shi a matsayin jinga ko a zauren jarrabawa. Sau da yawa ɗalibi kan yi karatu mai yawa, amma maƙalarsa ta kasa gamsar da malami, saboda ya fara rubutu tun bai tsayar da abin da yake son faɗa ba. Wannan matsala takan bi shi har zuwa lokacin rubuta kundin digiri, inda za a yi ta dawo masa da babi ɗaya, har lokaci ya ƙure masa.

4.1 Taƙaita Batu

Matakin farko shi ne ɗalibi ya rage faɗin batun da zai yi magana a kai. Alal misali, "Ƙagaggun Labaran Hausa" batu ne da ya fi ƙarfin maƙala mai shafi biyar. Ko da an tsaya a kan gasar da aka shirya a 1933 a ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East a Zariya, akwai littattafai biyar da za a duba, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗalibi ya ɗauki ɗaya daga ciki, kamar Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ya dubi yadda marubucin ya gina raha ta hanyar karon da Alhaji Imam ke yi da Malam Zurƙe. Daga nan sai ya rubuta matsayinsa cikin jimla ɗaya tak a wata takarda. Idan jimlar ta ƙi fitowa, to alama ce da sauran karatu a gabansa.

4.2 Tsarin Sakin Layi

Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya, domin Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Jimlar farko ta gabatar da maganar, masu bi mata su kawo hujja da misali, ta ƙarshe kuma ta nuna dangantakarsu da matsayin maƙalar. Kuskuren da ɗaliban adabi suka fi yi a nan shi ne mayar da maƙala wurin sake ba da labarin littafi daga farko zuwa ƙarshe. Malami ya riga ya san labarin. Abin da yake nema shi ne sharhin ɗalibi a kan jigo ko salo ko taurari, tare da dalilansa.

4.3 Hujja da Madogara

Duk maganar da aka ɗauko daga wani masani wajibi ne a ambaci sunansa da shekarar da aka buga aikin da kuma shafi. Idan kalmominsa ne aka kawo kai tsaye, sai a sa su cikin alamar zancen wani. Kwafar aikin wani ba tare da ambatonsa ba satar fasaha ce, ko daga littafi aka kwafo, ko daga tsohon kundi, ko daga intanet, kuma tana iya jawo a soke aikin baki ɗaya. Saboda haka yana da kyau ɗalibi ya riƙa rubuta bayanin kowane littafi tun a ɗakin karatu, kafin ya mayar da shi.

4.4 Kiyaye Ƙa'idojin Rubutu

An daɗe ana ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa na boko, tun daga ƙa'idojin da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Don haka ɗalibin Hausa ba shi da uzurin yin rubutu yadda ya ga dama. Rashin sa ƙugiya yana canza ma'ana, kamar yadda ake gani tsakanin baki da baƙi, ko kasa da ƙasa, ko daka da ɗaka. Haka nan akan yi kuskure wajen haɗa kalmomi da raba su. Daidai shi ne a rubuta yana da gidansa a haɗe, a rubuta za a da ba a a rabe. Bugu da ƙari, a tsaya a kan daidaitacciyar Hausa, sai fa inda ake kawo misali daga wani karin harshe kamar Sakkwatanci ko Katsinanci. Inda aka yi shakka a kan wata kalma, sai a duba ƙamusu, kamar na Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

4.5 Bita

Bayan an gama rubutun farko, sai a ajiye shi na kwana ɗaya ko biyu, sannan a karanta shi a bayyane. Kunne kan kama jimlar da ta yi tsawo ko kalmar da aka maimaita, wadda ido ya tsallake. Duk sakin layin da bai taimaki matsayin maƙalar ba a cire shi, komai wahalar da aka sha wajen rubuta shi.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa kyautata maƙala yana farawa ne daga tsayar da matsayi guda, sannan a gina sakin layi da hujjoji a kansa, a kuma tsabtace rubutun bisa ƙa'ida. Ɗalibin da ya saba da haka tun daga jingar aji ɗaya, rubuta kundi zai zo masa da sauƙi a shekarar ƙarshe.