Kallon Mazari da Malam-buɗe-littafi a Tafkunan Tsaunukan Sikotilan

A arewacin ƙasar Sikotilan, ɗaya daga cikin ƙasashe huɗu da suka haɗu suka zama Birtaniya, akwai yanki mai tsaunuka da kwaruruka da tafkuna masu yawan gaske. Mutanen wurin suna kiran tafki da suna loch, kalmar da ta samo asali daga harshensu na Gelik, ƙaramin tafki kuwa su ce masa lochan. Daga tsakiyar watan Mayu zuwa ƙarshen Yuni, lokacin da sanyi ya ja da baya, masu sha'awar nazarin ƙwari sukan nufi waɗannan tafkuna domin ganin mazari da malam-buɗe-littafi. Mutum yana iya shafe mako guda a can ya dawo bai ga komai ba, wani kuma ya je wuni ɗaya ya cika littafinsa. Abin da ya bambanta su shi ne sanin lokaci da sanin wuri.

Batun lokaci shi ne kan gaba. Ƙwaro ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar yadda mutum ko tsuntsu yake yi, sai dai ya jira rana ta ɗumama masa naman fukafukansa kafin ya iya tashi. A watan Yuni yini yakan kai kusan awa 18 a garin Inverness, amma tsawon yini bai hana iska mai sanyi da gajimare ba. Saboda haka shirin ƙidayar malam-buɗe-littafi na Birtaniya, wanda aka fara a 1976, ya gindaya wa masu ƙidaya sharaɗi: kada a fita sai zafi ya kai digiri 13 a ma'aunin Salshiyas kuma akwai hasken rana, idan kuwa gari ya lumshe, to sai zafin ya haura digiri 17. Daga hantsi zuwa la'asar sakaliya ake yin aikin. Da zarar gajimare ya rufe rana, sai ka ga fili ya yi tsit kamar an share shi.

Game da wuri kuwa, baƙo yakan yi kuskuren nufar tafkin da ya yi suna. Loch Ness, alal misali, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 36, zurfinsa kuma mita 230, ruwansa da sanyi ƙarara, igiyar ruwa tana dukan duwatsun gaɓarsa. Irin wannan ruwa ba ya renon mazari. Abin nema shi ne ƙananan tafkuna da kududdufai na cikin dausayi, masu baƙin ruwa marar zurfi, waɗanda gansakuka da ciyayi suka lulluɓe bakinsu, musamman idan akwai kurmi kusa da zai tare iska. Kwarin Glen Affric, da gefen Loch Maree, da dajin Abernethy, duk sun shahara da irin waɗannan kududdufai.

Dalilin haka yana cikin rayuwar mazarin kansa. Wanda muke gani yana shawagi ya riga ya kai ƙarshen rayuwarsa, domin makonni kaɗan yake yi da fukafukai. Mafi yawan kwanakinsa a ƙarƙashin ruwa yake yinsu, a siffar wani mummunan ƙwaro marar fiffike da ke farautar tsutsotsi da 'ya'yan kwaɗi. A ruwan sanyi girma yakan yi jinkiri. Mazari mai zoben zinariya, wanda jikinsa baƙi ne da ɗaurin rawaya, kuma macensa ta fi kowane mazari na Birtaniya tsawo da kimanin santimita 8, yakan kai shekara biyar binne a cikin yashin ƙorama kafin ya fito. Idan lokaci ya yi, sai ya hau karan ciyawa, galibi da sassafe, bayansa ya tsage, sabon jiki ya zaro kansa, ya tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fukafukai har su miƙe su bushe. Saɓar da ya bari a manne da kara tana da daraja ga mai nazari fiye da ganin mazarin a sama. Mai tashi yana iya zama ɗan ci-rani daga wani wuri, amma saɓa shaida ce cewa a wannan ruwa aka haife shi.

Ya kamata mai koyo ya fara da rarrabe dangi biyu. Akwai babban mazari, wanda idan ya sauka yakan bar fukafukansa a shimfiɗe, idanunsa manya kuma suna haɗuwa a saman kai. Akwai kuma siririn ɗan'uwansa mai jiki kamar tsinke, wanda yawanci yakan naɗe fukafukai a kan bayansa, idanunsa a ware. A cikin siraran, jan shi ne yake fara fitowa. Akwai wani shuɗi, siririn mazarin arewa, wanda a duk Birtaniya ba a samunsa sai a Sikotilan. Haka ma wani babban mazari mai launin sararin sama, wanda yake son kwanciya a kan farin dutse ko gindin bishiya yana shan hantsi; idan sanyi ya kama namijin, shuɗinsa yakan dusashe ya koma toka-toka, sai ya ɗumama launin ya dawo.

Malam-buɗe-littafi ba ruwa yake nema ba, abincin tsutsarsa yake bi. Don haka ana dubansa a gangaren da ke fuskantar kudu da ɓuɓɓugar rana, da bakin kurmi, da hanyoyin da aka sare a cikin daji. Wanda ya fi jan baƙi shi ne wani ɗan ƙarami mai ruwan ƙasa da ɗigon rawaya kamar gidajen dara, faɗinsa bai wuce santimita 3 ba. Ya ɓace daga Ingila a 1976, ya rage a yammacin Sikotilan kaɗai, a kewayen garin Fort William da gaɓar Loch Arkaig, har zuwa 2018 da aka ɗauko irinsa daga Beljiyam aka sake a dajin Rockingham na Ingila. Namijin yakan zauna a kan reshe yana gadin ɗan filinsa, ya zabura ya kori duk abin da ya gitta, ya dawo mazauninsa. Wanda ya san wannan ɗabi'a ba zai wahalar da kansa da binsa a guje ba, tsayawa zai yi ya jira.

Akwai kuma wasu iri biyu masu launin lemo da zanen baƙi, waɗanda suke rikita har ƙwararru. Sai an dubi ƙarƙashin fiffiken baya: dukansu suna da fararen ɗigo bakwai jere a gefe, amma ɗaya yana da ƙarin biyu kacal a tsakiya, ɗayan kuwa nasa sun fi yawa. A nan madubin hange da hoto suke amfani. Rubuta rana da wuri da yanayin gari ba ƙawa ba ne, da irin waɗannan bayanai ne aka gane cewa na farkon ya ragu ƙwarai a Birtaniya, bayan an daina saran kurmi irin na da wanda yake buɗe fili rana ta shiga.

Mai zuwa kallo shi ma abin farauta ne. A ranar da iska ta kwanta, wasu mitsitsin ƙwari irin ƙyashi sukan taso kamar hayaƙi su addabi fuska, ga kuma kaska a cikin ciyawa, wadda take ɗauke da cutar Layim. Dogon wando da duba jiki da yamma wajibi ne.

A cikin baƙin da ke isa can a watan Yuni har da wanda asalinsa namu ne. Wani malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo da baƙin gefe da fararen ɗigo, wanda masana suke kira Vanessa cardui, yakan hayayyafa a yankin Sahel bayan damina. Zuriyarsa takan ƙetare Sahara da Bahar Rum, tana haihuwa a hanya, jikoki su ci gaba daga inda kakanni suka tsaya. A 2009 miliyoyinsu suka kwararo Birtaniya, har suka kai tsibiran arewacin Sikotilan.