Takardar gwaji ta ce "positif": a daina ba yaro abincin?

Jama'a, mu da ke yi muku tafinta mun lura da wani abu. Idan aka tura yaro asibitin gari gwajin borin jini, uwa takan dawo da takarda da Faransanci, ta ga an rubuta "positif" a gaban gyaɗa ko ƙwai ko madara, shi ke nan sai ta hana yaron duka. A nan da rabon abinci ba ya kai mu ƙarshen wata, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gwajin iri biyu ne. Akwai na fata: a ɗiga ruwan abincin a hannu, a ɗan soka wurin, a duba bayan minti 15 zuwa 20 ko ya tashi. Akwai kuma na jini. Dukansu suna nuna cewa jiki ya shaida abincin ne kawai. Yara da yawa gwajinsu yana nuna "positif" alhali suna cin abin lafiya lau. Girman kumburin ma ba ya nuna tsananin ciwon da zai zo. Shi ya sa likita zai tambaye ki: me yaron ya ci, me ya same shi, bayan wane lokaci? Borin jini na abinci yawanci yakan bayyana daga 'yan mintoci zuwa awa 2: fata ta yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, leɓe ko ido ya kumbura, ko amai. Kumburin ciki da gudawa bayan shan nono sau da yawa wani abu ne daban. Abin da yaro ya saba ci ba tare da matsala ba, kada ki janye masa saboda takarda sai likita ya ce.

Idan kuwa likita ya tabbatar gyaɗa ce, to a kula sosai, domin tana ɓuya: ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, miyar taushe, yajin tsire da na kilishi, da man gyaɗa na gida. Plumpy'Nut da ake ba yara masu tamowa ma akwai gyaɗa da madara a ciki. Ki faɗa wa ma'aikatan ciyarwa tun ranar rajista, kada ki karɓa ki ajiye ki yi shiru. Na madara da na ƙwai, yara da yawa suna rabuwa da shi idan sun girma. Na gyaɗa ya fi daɗewa. Kada a gwada a gida don a gani, a gaban likita ake yin wannan.

Idan numfashi ya sarƙe, murya ta dishe, ko yaro ya yi laushi bayan cin abinci, a ruga da shi asibitin sansani ko da tsakar dare ne. Allurar adirenalin yake buƙata, ƙwayar ƙaiƙayi ba ta isa ba. Wanda bai gane takardarsa ba, ya kawo ta ofishin kariya mu karanta masa, sannan mu raka shi wurin likita.