Idan Gaba Ya Faɗi, Ka Ja Numfashi a Hankali

Sau da yawa mukan ga wannan a ƙofar ɗakin tiyata. Uwa tana zaune bisa tabarma, an shiga da 'yarta wadda naƙuda ta yi wa tsawo. Zuciyar uwar tana bugawa da ƙarfi, bakinta ya bushe, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Can sai jiri ya ɗebe ta, yatsunta da leɓunanta su yi kamar sun mutu. Dangi su ce iskoki ne suka taɓa ta.

Yawanci tsoro ne kawai. Babban mutum da ke hutawa yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan tsoro ya zo, jiki yakan shirya don gudu ko faɗa, numfashi ya zama gajere, mai sauri. Akwai wata iska da huhu ke fitarwa, amma jini yana bukatar wani kaso nata ya zauna. Mai haki yana zubar da ita fiye da kima, shi ya sa jiri da mutuwar yatsu ke zuwa. Daga nan tsoro ya ƙaru, haki ma ya ƙaru.

Ba ka iya umartar zuciyarka ta rage gudu. Amma numfashi yana hannunka, kuma idan ka fitar da shi a hankali, zuciya tana bin sa. Ka zauna, ka jingina da bango ko itace. Ka ɗora hannu ɗaya a kan cikinka. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4, har ka ji cikin ya ɗaga hannunka. Sa'an nan ka fitar da ita ta baki kana ƙirga 1 zuwa 6, kamar mai hura kunu mai zafi. Fitarwar ce ta fi muhimmanci, kada ka yi mata gaggawa. Ka yi haka sau 10. Da farko hankalinka zai riƙa gudu zuwa abin da ke damunka. Ba laifi, ka komo da shi ga ƙirga.

Mai tsoro yakan kasa yin doguwar addu'a, kalmomi su ɓace masa. Littafin Farawa, sura ta 2, ya nuna mana cewa numfashin mutum daga wurin Allah ya fito. To, wanda ya ba ka shi bai yi nisa ba. In ka saba da ƙirgar, ka sa gajeriyar addu'a a madadinta. Kana jan iska ka ce a zuci, "Ya Allah." Kana fitarwa ka ce, "kana tare da ni." Ba dole damuwar ta tafi nan take ba, amma za ka iya sauraron abin da likita ke faɗa maka.

Sai dai a kula. Idan akwai ciwon ƙirji, ko asma, ko kumburin ƙafafu tare da haki, ku zo asibiti nan da nan. Haka kuma yaro mai tari: in yana da wata 2 zuwa 11 yana numfashi sau 50 ko fiye a minti, ko shekara 1 zuwa 5 yana yin sau 40 ko fiye, ciwon huhu ne mai yiwuwa. Ku kawo shi a ranar, kada ku bari ya kwana.