Kafin Yaro Ya Yi Famfara

A gidajenmu, in an ga baƙin ɗigo a haƙorin yaro, amsar ɗaya ce: "Bar shi, ai zai yi famfara." Wannan magana tana damuna matuƙa, domin ni malamar firamare ce, kuma ina ganin abin da take haifarwa. Haƙoran yarinta guda 20 ne, suna fara fitowa wajen wata shida. Na gaba ne ke faɗuwa da wuri, wajen shekara 6 ko 7. Turamen ciki kuwa, waɗanda kogo ya fi kamawa, sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Yarinyar da turminta ya yi rami tana shekara huɗu, an ce ta jira famfara, an ɗora mata wahalar shekara shida ko fiye ke nan.

Akwai ma wanda iyaye da yawa ba su sani ba. Wajen shekara 6 wani turmi ke fitowa can ƙurya, bayan na yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan na dindindin ne. In ya ruɓe, babu wani da zai maye gurbinsa.

Ba tsutsa ce ke cin haƙori ba, duk da masu yawon tallar magani suna cewa suna cire ta. Ƙwayoyin cuta ne da ke manne a haƙori suke cin sukari, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙorin. Yawu yana gyara ɓarnar in an ba shi sarari. Saboda haka yawan lokutan shan zaƙi ya fi yawansa illa. A dubi ranar ɗan makaranta: shayi da sukari da safe, alewa da cingam a bakin ƙofa, zoɓon leda a lokacin tara, gullisuwa a hanyar Islamiyya, biskit bayan magariba. Yaushe bakin ya huta? Da dare kuma yawu yana raguwa, shi ya sa jaririn da ke kwana da fida mai zaƙi a baki haƙoransa na sama ke fara lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yara miliyan 514 ne ke da ruɓewar haƙoran yarinta.

Akwai wata ɗalibata da ta yi ta zuwa aji tana dafe da kunci, tana tauna gurasa da gefe ɗaya. Da na sa ta buɗe baki, sai na ga dasashin ya yi fari fat, ya saɓule. Ashe an daka asfirin an cusa mata a wurin. Asfirin yana ƙona dasashi, kuma ba a ba yara shi ko a sha. Man kanumfari ma, da manya ke samun sauƙi da shi, ya yi wa bakin ƙaramin yaro ƙarfi. Ruwan batir da fetur kuwa, don Allah kada a kusanto da su.

Abin da za a yi in ciwo ya tashi da tsakar dare kaɗan ne: farasitamol na yara daidai shekarunsa da nauyinsa, kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri in ya iya tofarwa, a cire abincin da ya maƙale, a guji mai sanyi da mai zaƙi. Gari na wayewa a nemi likitan haƙori. In ciwon ya lafa da kansa bayan kwanaki, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a ƙasa, kusa da sabon haƙorin da ke jiran fitowa. Kafso daga kemis ba ya cike rami.

Rigakafin ba shi da tsada. A goge haƙora sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci, da man goge baki mai sinadarin fuloraid: kamar ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar wake ƙarama daga 3 zuwa 6. Yaro ya tofar, kada ya kurkure. Uwa ko uba su riƙa kama hannun har wajen shekara 7. Asuwaki yana da kyau, a bar shi da rana, amma man nan kada ya yanke. Sannan a riƙa ɗaga leɓen yaro ana dubawa: farin layi kamar alli a gindin haƙori shi ne farkon ruɓa, kuma a wannan mataki ana iya tsayar da ita.

Wani ciwon ba ya jiran safiya. In fuska ta kumbura ta nufi ido ko wuya, ko ga zazzaɓi da wahalar haɗiya, asibiti za a nufa nan take. Haka in yaron ramamme ne, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, dasashinsa na jini, baki na wari sosai. Da haka cutar noma ke farawa, wadda ke cin naman fuska cikin 'yan kwanaki. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma in an kai yaro tun ciwon yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita.